Sawun Abebe Bikila

Da yawa daga cikin samarinmu masu sha'awar guje-guje sukan ce ba su isa a kira su 'yan tsere ba, sai ran da suka mallaki takalmi mai tsada, ko kuwa suka ji sunansu a rediyo. Masu irin wannan tunani ya kamata su dubi Abebe Bikila, mutumin Habasha.

Shi dai Abebe soja ne a rundunar masu tsaron Sarki Haile Selassie. Ran 10 ga watan Satumba na 1960 ya shiga gudun yada-ƙanin-wani, mai nisan kilomita 42, a wasannin Olamfik na birnin Rum. Takalmin da ya samu bai yi masa daidai ba, sai ya ajiye shi ya taka ƙasa da tafin ƙafarsa. Ba wanda ya sa shi cikin lissafi. Amma cikin awa 2 da minti 15 ya riga kowa isowa, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a Olamfik.

To, daga ina wannan ƙarfin zuciya ya fito? Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara da shekaru Abebe yana gudu a kan tuddan ƙasarsa, inda iska ke da ƙaranci, malaminsa Onni Niskanen, mutumin Suwidin, yana auna masa lokaci. Saboda haka tun kafin a jeru ya san iyakar abin da ƙafarsa za ta iya.

A 1964 kuma, bai cika mako shida da yi masa tiyata a ciki ba, ya sake cinye tseren a Tokyo cikin awa 2 da minti 12. Wannan karon da takalminsa. Ashe asirin yana jikin mai ƙafar.

Don haka, ya kai saurayi, in kana fita da asuba kana zagaya fili, ai ka riga ka zama ɗan tsere. Nemi ɗan littafi ka riƙa rubuta nisan da ka yi kullum, kana ƙarawa sannu a hankali. Shiga ƙananan gasa, ko da za ka zo na ƙarshe. Ran da zuciya ta raya maka cewa ba za ka iya ba, buɗe littafin nan, shi ne shaidarka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.