Kashi ɗari bisa ɗari: mi wannan lambar ke faɗa mana?

Da zarar sakamakon BEPC da Bak ya fito, sai ka ga ƙofofin makarantun kuɗi sun cika da rubutu manya-manya: kashi 100, kashi 97. WhatsApp ya ɗauka, uwaye su fara lissafin inda za su kai yaro a watan Oktoba, CEG ɗin unguwa kuwa ta zama abin zolaya. Ni a ganina, duk wanda ya zuba kuɗin shekara saboda wannan lambar kaɗai, cinikin biri a sama ya yi.

Amurkawa sun fi shekara 30 suna irin wannan gardamar, kuma akwai abin ɗauka a yadda suka yi ta. Can suna da wasu makarantu da suke kira cata, wato makarantun yarjejeniya. Kuɗin gwamnati ne ke tafiyar da su, yaro ba ya biyan ko sisi, amma wata ƙungiya mai zaman kanta ke riƙe da su bisa takardar alƙawari ta wasu shekaru. In ba su cika alƙawari ba, ana iya rufe su. Jihar Minesota ce ta fara yin dokarsu a 1991. Mu nan ba mu da irinsu, amma tambayar da ta dame su ita ce tamu: in ɗaliban wata makaranta sun fi cin jarrabawa, makarantar ce ta yi aiki, ko ko dama haziƙai ta tattara?

A 2009 wata cibiyar bincike ta jami'ar Stanford, CREDO, ta gwada amsawa. Kowane ɗalibin cata an nemo masa takwarorinsa a makarantun gwamnati na kusa: aji ɗaya, halin gida iri ɗaya, makin da suka taso da shi ɗaya. A lissafi, kashi 17 cikin ɗari na makarantun cata ne suka fi na gwamnati, kashi 37 suna ƙasa da su, sauran kuma kunnen doki. Suna ɗaya, doka iri ɗaya, amma wata zinari wata gwangwani.

Abin da ya fi burge ni shi ne na birnin Boston. A can in masu neman gurbi suka fi kujeru yawa, ƙuri'a ake jefawa, ba ɗan wane ba ɗan wance. Sai masu bincike, cikinsu har da Joshua Angrist wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021, suka ce to ga dama ta samu. Suka bi yaran da ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ba ta faɗa kansu ba. Duka uwayensu sun damu da karatu, tunda duka sun nema. Sa'a kawai ta raba su. Nan fa bambancin da aka gani na makaranta ne. Kuma an gan shi: makarantun cata na cikin birnin sun ɗaga yara sosai, musamman a lissafi, musamman ƴaƴan talakawa. Amma a jihar nan dai, waɗanda ke wajen birane ba su nuna wannan fifikon ba. (Ko wannan awon yana da iyaka, don makarantar da ake rububi kaɗai ke yin ƙuri'a, wadda ba mai so ba ta shiga lissafin.)

To mu dawo gida. Makarantar da ke yi wa yaro gwaji kafin ta karɓe shi, ta sallami mai rauni a 4ème, ko ta ce ya je ya yi rajistar jarrabawa da kansa don kada ya ɓata mata lamba, kashi 100 ba wuya gare ta. Ɗalibai 25 ta gabatar, 25 suka ci. Ita kuwa CEG ba ta korar kowa a ƙofa. Tana karɓar wanda ya iso 6ème bai iya karanta jimla ba, da yarinyar da ke talla kafin ta zo aji, a aji mai cunkoso, wani lokaci ma na zana. In irin wannan makarantar ta fitar da kashi 40, mai yiwuwa malamanta sun yi aikin da ya fi na mai kashi 100. Mai yiwuwa kuma ba su yi ba, wallahi, don akwai inda rabin shekara ke tafiya ba darasi. Lambar dai ba ta bambance mana waɗannan biyun, kuma shi ya sa malami mai ƙoƙari da malami mai fashi suke shan zagi ɗaya.

Ba na cewa makarantun kuɗi ba su da na kirki. Akwai su, kuma su ne ya kamata su fara yarda da awo na gaskiya, don shi zai raba su da ƴan kasuwa.

Abin da nake so mu matasa mu nema ba ya buƙatar jami'ar Stanford. Kowace makaranta, ta gwamnati ko ta kuɗi, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ta liƙa lambobi huɗu a ƙofarta: nawa suka shiga 6ème shekara huɗu baya, nawa daga cikinsu suka kai 3ème, nawa aka gabatar da sunan makarantar, nawa suka ci. A raba maza da mata, don nan ne za mu ga inda ƴan mata ke ɓacewa. Duk waɗannan suna cikin rajistar darakta, kuma hukumomin ilimi na jiha suna karɓar su kowace shekara. Kwamitocin COGES da ƙungiyoyin uwayen ɗalibai suna da hurumin tambaya. Wanda ke da ƙane ko ƙanwa da za a sa 6ème bana, ya raka mahaifinsa wurin rajista, ya tambayi daraktan lambar farko da ta biyu kafin a miƙa kuɗi.