Matakalar lantarki a jikin V8: a duba hanya kafin ado

Kwanan nan, daga Yamai har Maraɗi, muna ganin masu manyan motoci irin su Land Cruiser V8 suna sa musu matakalar nan mai fitowa da kanta: ka buɗe ƙofa ta sauko, ka rufe ta koma ƙarƙashi. Gaskiya tana da amfani. Kat-kat akwai tsawo, tsoho mai ciwon gwiwa da Hajiya mai zani suna shan wuya wajen hawa.

Amma fa mu dubi hanyoyinmu. Ɗan injin da ke tura ta da batirin mota yake aiki, kuma can ƙasa yake zaune. Hanyar Tawa zuwa Agadas ga rairayi, da damina ga laka. In ƙasa ta cika mahaɗin, sai ta maƙale. Baba ya saba, ya sauko da ƙafa cikin dare, ba matakala: sai karaya.

Shawararmu, a kai wa gwanin lantarkin mota, ya sa mata fizibil nata daban don kada waya ta ƙone, a riƙa wanke mahaɗin. Mai yawan shiga ƙauye kuwa, kafaffiya ta ƙarfe ta fi masa kwanciyar hankali.

Ku me kuka gani?