Ambaliyar Alau Ba Ta Tambayi Takardar Ɗan Asali Ba

Jama'a, tun 2017 aka yi ta kai ruwa rana a Majalisar Tarayya kan ƙudurin dokar albarkatun ruwa, wanda zai kafa hukumar ƙasa mai tsara amfani da koguna, madatsai da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 2018 bai tsallake Majalisar Dattawa ba. Ɗan majalisa Sada Soli daga Katsina ya dawo da shi a 2020 da 2022, amma a Yunin 2023 Dattawa suka yi watsi da shi.

Mene ne laifinsa? Masu adawa irin su Samuel Ortom, gwamnan Binuwai na lokacin, sun ce dabara ce ta ƙwace bakin koguna a miƙa wa makiyaya. Wato tsoron “baƙo” aka ɗora a gaba, maganar ruwa kuwa aka bar ta a baya.

To, mu a nan Limanti mun san abin da rashin tsari ke haifarwa. A 1994 ruwan Alau ya ci Maiduguri. Shekara 30 cur ba a ɗauki darasi ba, sai ga shi ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange, Gamboru da Kasuwar Monday, har fadar Shehu. Shin a daren nan ruwan ya tsaya tambayar wa ke da takardar ɗan asali? Da Babarbare da Bahaushe a sansani ɗaya muka kwana.

Don haka matsayinmu a fili yake. Muna goyon bayan kafa hukumar, domin rigakafi ya fi magani. Amma da sharaɗi: a lissafa jama'a da inda suke zaune, ba da inda kakanninsu suka fito ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda asali. Wanda ke biyan haraji a Maiduguri, yake sayen jarkar mai moya kullum, yana da haƙƙin a ji ta bakinsa kafin a yanke inda za a ja famfo. Kuma kada kuɗin lasisi ya faɗa kan rijiyar gida ko mai tura kura.

Muna kira ga kowane magidanci ya tuntuɓi ɗan majalisarsa, a dawo da ƙudurin tare da wannan gyara. Wanda ya yi shiru ranar rabo, kada ya yi kuka ranar ƙishi.

Allah Ya sa mu dace, amin.