A sa burtali da mashaya cikin taswira da sunansu

Ƴan uwa makiyaya da fataken dabbobi, masu binciken muhalli kan raba ƙasa gida biyu idan za su zana taswira. Gida na farko shi ne wanda hannun mutum ya gyara: gona, lambu, gari, madatsar ruwa. Na biyu shi ne wanda suke cewa haka Allah ya bar shi: daji, tafki, fako. To makiyaya da burtali a wane gida suke? Sau da yawa cikin "daji" ake jefa su, kuma abin da takarda ta kira daji, gobe wani zai ce ba shi da mai shi.

Wannan rabo bai dace da ƙasar kiwo ba. Saniya ce ke cin ƴaƴan gawo ta baza irinsa cikin kashinta. Rijiyar da kakanni suka haƙa ita ke nuna inda garke zai yi rani. Hoton tauraron ɗan Adam kuwa ba ya bambance saura da makiyaya. Filin da ya ɗauka fako a watan Afrilu, a watan Agusta ƙarangiya ce shimfiɗe. Burtalin da garmani ya cinye a jihar Maradi kore shar yake fitowa a hoto, alhali dabba ba ta samun abin kirki a ciki.

Doka dai tana nan. Tun 1961 Nijar ta shata iyakar noma ta arewa. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin makiyayi a kan mazauninsa na asali, ta 2010 kuma ta ce yawon kiwo haƙƙi ne. Amma alƙali da kwamitin filaye, wato Kofo, abin da ke rubuce suke dubawa. Mashayar da ba a rubuta ba, da wuya a kare ta ranar da aka kafa mata shinge.

Saboda haka kada mu bari a ƙidaya ƙasa ba mu wurin. Duk ranar da ma'aikata suka fito awo, ardo da rugga su bi su ƙafa da ƙafa, su nuna burtali, mashaya, wurin gishiri da masaukin damina, a rubuta kowane da sunansa da lokacin da ake amfani da shi. A kuma nemi a buɗe gida na uku a takardunsu: ƙasar kiwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.