Taimakon Masu Buƙata ta Musamman a Tashoshin Jirgin Ƙasa Haƙƙi Ne, Ba Alfarma Ba

Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a shekarar 2016, jirgin ƙasa ya dawo cikin rayuwar jama'ar Arewa bayan dogon lokaci. Ɗalibai da 'yan kasuwa da marasa lafiya masu zuwa asibiti duk suna bin wannan hanya mai tsawon kilomita 186, daga Idu da Kubwa zuwa Rigasa. Sai dai akwai 'yan'uwanmu da wahalar tafiyarsu take farawa tun daga ƙofar tasha: makaho da ba ya ganin allon sanarwa, da kurma da ba ya jin lasifika, da mai keken guragu da matakala ɗaya ta isa ta hana shi shiga tarago. Matsayinmu a wannan shafi shi ne, taimakon waɗannan bayin Allah ya zama aiki tsararre da hukuma ta ɗora wa ma'aikatanta, kada a bar shi ga sa'ar haɗuwa da mai tausayi.

Dokar ƙasa ta riga ta yi magana. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ta haramta nuna wariya ga naƙasassu. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da hanyoyin sufuri yadda kowa zai iya amfani da su, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Ta kuma ba su fifiko a layi, sannan a ƙarƙashinta aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu a 2020. Saboda haka wanda ya nemi a kai shi bakin jirgi, abin da doka ta ba shi yake nema.

Addininmu ya riga doka da ƙarnoni. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa taimaka wa mutum ya hau abin hawansa, ko ɗora masa kayansa a kai, cikin sadakar da ake so mutum ya yi a kowace rana. Raƙumi da doki ne abin hawan wancan zamani, tarago kuma na yau, amma ladan bai canza ba. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), makahon da ya zama ladanin Annabi (SAW), wanda kuma aka sha barin masa riƙon Madina. Malaman tarihi sun kuma rubuta cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, ya ba guragu masu hidima daga baitulmali. Darasin da ke ciki a fili yake: shugabannin Musulmi na farko sun ɗauki wannan hidima a matsayin nauyin hukuma, tare da cewa kowane mutum yana da nasa rabon lada.

Yadda ake tsara irin wannan aiki ba boyayyen abu ba ne. A Birtaniya, fasinja yana iya sanar da kamfanin jirgi buƙatarsa ko da saura awa biyu a tashi. Ma'aikaci ya tare shi a tasha, ya shimfiɗa masa gadar hawa keke, ya kai shi kujerarsa, sannan a sanar da tashar da zai sauka domin wani ya tarbe shi. Ƙarfin tsarin yana cikin wannan miƙawa daga hannu zuwa hannu, domin abin da ya fi tsorata mai keke shi ne jirgi ya tsaya babu mai sauke shi.

Muna kira ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da ta ɗauki matakan da ba sa buƙatar biliyoyin naira. Tunda ana sayar da tikiti ta intanet tun 2021, a ƙara gurbin da fasinja zai bayyana irin taimakon da yake so, a kuma tanadi lambar waya ga wanda ba ya iya amfani da manhaja. Kowace tasha ta samu teburin taimako kusa da ƙofa, da keken guragu, da ma'aikata maza da mata da aka horar, domin 'yar'uwa ta samu mace ta riƙe ta. A riƙa yin sanarwa da murya da kuma rubutu, da Hausa da Turanci. Banɗaki da wurin alwala su zama masu shiguwa da keke. Kuma duk wannan hidima ta kasance kyauta, kada a bar mai rauni yana ciniki da 'yan dako a kan abin da yake haƙƙinsa.

Yanzu da ake gina layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, lokacin gyara bai wuce ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sanya gangaren hawa keke a cikin zanen gini ya fi sauƙi da araha a kan fasa siminti bayan an buɗe tasha. Ya kamata a zauna da ƙungiyoyin makafi da guragu da kurame tun yanzu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma fasinjoji da sauranmu. Taimako yana da ladubba: a yi sallama, a tambayi mutum ko yana so da yadda yake so, kada a tura kekensa ko a fizge sandarsa ba da izininsa ba. Makaho shi ke riƙe hannun mai yi masa jagora, ba jan sa ake yi ba. A yi magana da shi kai tsaye maimakon ɗan rakiyarsa, kada kuma a miƙa masa sadakar kuɗi alhali tikitinsa ya saya kamar kowa. Iyaye su koya wa 'ya'yansu wannan, malaman Islamiyya su sanya shi cikin darasin ladubban tafiya, limamai kuma su tuna da shi a huɗuba.

Lafiya aro ce. Hatsari ko ciwo ko tsufa na iya mayar da kowannenmu mai jiran a riƙe shi a bakin tarago. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke amana, Ya sa mu cikin masu sauƙaƙa wa bayinSa.