Ina billen Inna?

Hoto ɗaya tak ya rage mana na kakarmu. Ɗan ƙarami ne, baƙi da fari, an ɗauke shi a wani shagon hoto a Sabon Garin Zariya lokacin da take shirin tafiya aikin Hajji. Ya shekara da shekaru a ƙasan akwatin goggonmu a Hunkuyi, gefensa ya naɗe, fuskar ta yi dishi-dishi. A Sallar da ta wuce wani ɗan yayana ya ɗauke shi da waya, ya sa shi cikin ɗaya daga manhajojin nan masu "gyara" hoto, ya tura zauren iyali na WhatsApp. Kafin la'asar yabo ya cika zauren. Fuska ta fito tar, ido na sheƙi, fata sumul kamar ta amarya. Goggo kaɗai ce ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "Kai yaro, ina billen Inna?"

Babu shi. Manhajar ta ɗauki tsagar da ke kuncin tsohuwar a matsayin datti, ta share.

Na san masu sana'ar gyaran hoto ba za su ji daɗin wannan magana ba, amma kalmar "gyara" da muke kiran aikin nan da ita yaudara ce. Abin da kamara ba ta kama ba ranar da aka ɗauki hoto, babu manhajar da za ta dawo da shi. Iyakarta ta yi zato.

Ayyuka uku ne ake cuɗawa a ba su suna ɗaya. Na farko rage yashi-yashin da ke fitowa a hoton da aka ɗauka cikin ƙarancin haske. Tsohuwar dabarar ita ce a gwada kowane ɗigo da maƙwabtansa a daidaita su. Matsalar ita ce lissafi bai san bambancin ɗigon banza da siririn layi mai ma'ana ba, don haka furfura da zaren aikin hula da bille duk suna iya bin yashin su tafi. Na biyu ƙara kaifi: a duhunta gefe ɗaya na kowane layi, a haskaka ɗayan, ido ya ga kamar hoton ya fito. Tun zamanin wanke hoto a ɗaki mai duhu ake wannan, kuma ba ya ƙara komai sai ruɗin ido. Waɗannan biyun suna ragewa ko su zuzuta. Na ukun, wanda ya cika wayoyinmu yanzu, shi ne mai ƙirƙira: an horar da shi da ɗimbin fuskokin wasu mutane, in ya ga gurbi sai ya cike shi da idon da ya saba gani da fatar da ya saba gani.

Fuskokin su wa ya saba gani? A 2020 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka fitar da wata manhaja mai suna PULSE. Da aka ba ta hoton Barack Obama da aka dusashe, sai ta fito da fuskar Bature. Su kansu masu ita sun ce fuskokin da take fitarwa ƙagaggu ne, ba a gane mutum da su. A 2023 wani ya dusashe hoton wata da gangan, ya sa shi a allon kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung, wayar ta zana masa ramukan da babu su a allon. A 2024 kuma wani alƙali a jihar Washington ya ƙi karɓar bidiyon da aka "gyara" da irin wannan fasaha a matsayin hujja a shari'ar kisan kai. Abin da kotu ta ƙi yarda da shi a kan wanda ake tuhuma, mu mun yarda da shi a kan iyayenmu, har muna cewa Masha Allah.

Za a ce ina laifin abin da ya faranta wa maraya rai? Ni ma ina rage yashi a hotunan da na ɗauka da magariba a gonakin rake, ban kuwa ga zunubi a ciki ba. Rake ba shi da dangi da za su nemi kamanninsa. Laifin yana ga abin da ke biyo baya. Ƙagaggen hoton shi ne mai kyau, shi ake turawa, shi ake bugawa a rataye a falo. Na asalin yana can yana jiran gara da ɗanshin damina. Nan da shekara ashirin jikokinmu ba su da wata kaka sai wadda na'ura ta zana. Ga shi kuwa yau da wuya a yi wa yaro tsaga, wato tsofaffin hotunan nan suna cikin shaidu na ƙarshe na yadda ake karanta asalin mutum a fuskarsa. (Ban ma taɓo yadda fatar ke fitowa da haske fiye da yadda Allah ya yi ta ba, da yadda hakan ke burge mu.)

Mai tsohon hoto ya fara ɗaukarsa yadda yake, a inuwa da rana, ba tare da taɓa komai ba. Ya tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp na matse hoton da aka tura kai tsaye. In ya ga dole sai ya gyara, ya ajiye biyun tare, ya rubuta wanne ne wanne.

Na roƙi ɗan yayan nawa ya tura na asalin zauren, ya kuwa tura. Mutum biyu ne suka tanka. Wancan mai sumul ɗin, an riga an kai shi Zariya an bugo babba.