Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Ina Tarihin Kociyoyinmu?

Maudu'inmu na wannan mako zai ɓata wa wasu rai, musamman masu cewa ƙwallo shiririta ce, ba abin da marubuci mai hankali zai ɓata alƙalaminsa a kai ba. Mu dai ba mu yarda ba. Haka kuma ba mu tare da masu rubutun da ba su san kowa a fili ba sai wanda ya zura ƙwallo a raga.

Mu fara da Sai Masu Gida. Daga 2003 zuwa 2015, shekara 12 cur, babu ƙungiyar da ta ci Kano Pillars a gida a gasar firimiyar Najeriya, sai da Nasarawa United ta zo ta karya lagon. A tsakanin nan Pillars ta ɗauki kofin gasar sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Irin wannan tarihi ba da cin ƙwallo kaɗai ake kafa shi ba. Sai an toshe baya, an koya wa mutum huɗu su tashi tare su koma tare, su san lokacin da za su matso su jefa ɗan gaba cikin satar gida. Wa ya koya musu? Kadiri Ikhana, wanda ya jagoranci kofin 2008, shi kansa tsohon ɗan wasa ne da ya ci kofin Afirka da Najeriya a 1980. Baba Ganaru ya kawo na 2012 da na 2013 a jere. To, a ɗaga hannu: wa ya taɓa riƙe littafin Hausa guda da ya ba da labarin ɗayansu daga farko har ƙarshe?

Ga Manu Garba, mutumin Gombe. A 2013 ya ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aka lallasa Meziko 3-0 a wasan ƙarshe. Kowa ya haddace sunan Kelechi Iheanacho. Kyaftin ɗin ƙungiyar kuwa, Musa Muhammed, ɗan baya ne. Ga marigayi Shuaibu Amodu, wanda ya samar wa Najeriya gurbin gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, duka biyun aka sallame shi kafin a je, wani ya tafi da yaran. In wannan ba kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi ba ne, mene ne? Marubucin da ke kukan ya rasa jigo, ga cin amana, ga haƙuri, ga ƙaddara, duk a rayuwar mutum ɗaya.

A Amurka akwai wata ƙwallo tasu ta daban da jami'o'i ke bugawa, inda ake ware koci guda aikinsa tsaron baya kawai. Wani mai suna Bud Foster ya yi shekara 33 a Jami'ar Virginia Tech, daga 1987 zuwa 2019, bai taɓa zama babban koci ba. Alamar yaransa wani tsohon gwangwanin abincin lebura ne, wato a fito a yi aiki ba surutu. Amma an rubuta shi, an karrama shi da lambar Broyles a 2006, lambar da aka ware domin mataimakan koci zalla. Mutanen da suka tanadi kyauta domin na biyu sun fahimci abin da yawancin masu sharhinmu suka ƙi fahimta: ginin da ake yabo yana tsaye ne a kan tubalin da ba a gani.

Kada wani ya ce mana Kano da Gombe sun yi masa nisa. Daga Rimaye zuwa Kankiya zuwa Kusada, wane gari ne ba shi da nasa kocin? Malamin wasanni na firamare ko sakandare, ko wani tsohon ɗan wasa da ke tara yara bayan la'asar a filin makaranta, shi ne mai usur, shi ne mai ɗinkin ƙwallo, shi ne mai bin gida-gida yana ba iyaye haƙuri. Ba ya da albashi a kan wannan aiki. Ranar da aka ci, a ɗaga wanda ya zura. Ranar da aka sha kashi, a zagi koci. Idan ya rasu, abin da ya sani ya bi shi kabari.

Mun san amsar da za a ba mu: ba ya sayuwa, soyayya ake karantawa. To su waye suke cika gidajen kallo duk Asabar da Lahadi suna musun Arsenal da Madrid har muryoyinsu su dushe? Su waye ke tafiya filin Muhammadu Dikko don kallon Katsina United? Masu karatu suna nan, abin karantawar ne ba a ba su ba.

Sai dai a kiyaye: tarihi muke nema, ba kirari ba. Kada a kawo mana “gwarzo, namijin duniya” shafi biyar. A zauna da mutumin. A tambaye shi shekarar da ya fara, wa ya koya masa, yaya yake tsayar da 'yan baya idan ana gaba da ci ɗaya saura minti goma, wane yaro ya kora ya yi nadama. A ji ta bakin waɗanda ya horar, har da masu jin haushinsa. Abin da ba a tabbatar ba, a bar shi.

Aikin wannan mako ke nan: kowa ya nemo kocin garinsu, ya rubuto mana kalma 500 a kansa kafin Juma'a, da izininsa. Wanda ke ganin mun yi son kai, ga fili ga mai doki. Allah Ya yi mana jagora.